Layuka Biyu a Gefen Allo

Har yau ban manta da wata ranar Alhamis da yatsana ya tsaya a gefen allo ya ƙi yin gaba ba. Ku da kuka shigo ɓangaren guga kwanan nan kuna ta tambayata me ya sa ba a huda allo sai na zo na duba gefensa. Ɗaya daga cikinku har tana ce mini kwastan ɗin shago. To ga asalin abin. Ni karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, saboda haka yadda zan faɗa da baki haka zan rubuta, ku yi haƙuri da ni.

A lokacin soja sun jima da komawa bariki, garin nan yana ta kumbura. Duk inda ka waiwaya gini ne ke tashi. Shagonmu na Jikwoyi ƙofofi da kabad kawai muke yi wa masu sababbin gidaje. Mai shagon, Oga Bashir, injiniya ne, ya yi aikin gwamnati ya ajiye. Daga shi sai foman, Baba Ɗanladi, dattijo ɗan Gbagyi wanda ya fi shekara talatin yana kafinta. Daga Baba sai kafintoci huɗu, sannan ni a can ƙarshe, mai shafa gam da guga da sanfefa. Baba ne ya kawo ni. Maƙwabcinmu ne, ya ga mijina direba ne a tashar Utako, in ya tafi sai ya yi kwana huɗu, ni kuma ina zaune da goyo, sai ya roƙi Oga a ɗauke ni.

Wata rana wata mata mai suna Anti Rifkatu ta zo da wani allo a hammata. Siriri ne, bai kai tsawon ƙafata ba, gaba da baya sun ɗaga sama, ƙarƙashinsa ƙananan tayoyi huɗu. Ta ce siketbod sunansa, tana koya wa yara hawa duk ranar Asabar a wani filin ajiye motoci cikin gari, kuma ta gaji da jiran a kawo mata daga waje. Ko za mu iya yin katakon? Tayoyi da ƙarafa tana da su. Kafintoci suka yi ta dariya. Oga bai yi dariya ba. Ya juya allon ya sake juyawa, ya ce ta ba shi wata biyu.

Bari in yi bayanin aikin saboda wanda bai taɓa shiga shagonmu ba. Allon nan ba katako guda ba ne. Falle bakwai ne na itace, kowanne siriri kamar kwali, daga wata ƙasar sanyi Oga ya sa aka aiko da su. Ana shafa wa kowanne gam da rola, a jera su ɗaya kan ɗaya, a sa su tsakanin wasu dunƙulen siminti biyu da muke kira mol, a matse da jak irin na babbar mota. Mol ɗin ne ke lanƙwasa hanci da wutsiya, ya kuma yi wa tsakiya ɗan kwarmi kamar tafin hannu don ƙafa ta zauna. In an fitar sai a jingine allon ya huta mako guda, sannan a yanke shi da zarto, a huda ramuka takwas na kusoshin tayoyi, a miƙo mini in goge gefe ya yi sumul.

Kowane itace yana da jijiya, wato layukan nan da ke bin tsawonsa. A cikin falle bakwai ɗin, biyar jijiyarsu tana bin tsawon allo, muna ce musu na tsaye. Biyu kuma an yanko su a gicciye, jijiyarsu tana ratsa faɗi, muna ce musu na kwance. Oga ya rubuta jerin a takarda ya manna a bango. Ni da ba na karanta Turanci sai na haddace shi: tsaye, tsaye, kwance, tsaye, kwance, tsaye, tsaye. Har da shi nake jijjiga 'yata Nana ta yi barci. Amma dalilin jerin, Oga bai taɓa faɗa wa kowa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Guda shida muka fara yi, ni da Oga da hannunmu, Baba yana can yana fama da ƙofofin wani otal. Anti Rifkatu ta gwada ta ce sun yi. Ta ce a ƙara mata goma sha biyu.

Ni kam wallahi allunan nan sun shiga raina. Wata Lahadi ina cikin bas za ni gaishe da yayata a cikin gari, sai na hango wata yarinya a kan irinsa, a wani faffaɗan titi da babu mota ko ɗaya. Ba ta gudu, ba ta tafiya. Tana tsaye kawai, hannayenta a sake, mayafinta yana binta a baya, kamar ƙasar ce ke tafiya tana ɗauke da ita. Tun daga ranar in na zauna guga sai hankalina ya tashi ya bar ni. Ruwan damina yana kaɗa kwanon rufi, garin katako yana yawo a hasken taga kamar garin masara, sanfefa tana ta shuu, shuu. Sai in ga kaina na hau allo daga ƙofar gidanmu, na gangara Nyanya ba cunkoso ba kwandasta mai ihu, na wuce duwatsun nan, na shiga gari, fitilun hanya duk suna ba ni kore. Wani lokaci ba ni ba ce, Nana ce ta girma, ƙafafunta sun yi tsawo, tana waiwayowa tana ce mini, Mama ki taho mana. Sai kuma gabana ya faɗi, in ce to in ta faɗi fa? In mota ta fito daga lungu fa? Haka nake. Ko mafarkin ido biyu ba na gama shi ban tsorata ba.

Ranar Litinin da za a jera sha biyun nan, Nana ta kwana da zazzaɓi, jikinta kamar garwashi. Na kai ta asibiti aka riƙe mu kwana biyu. Wannan shi ne karo na uku da na yi fashin aiki a wata ɗaya. Oga kuma zai yi tafiya Kaduna a ranar, ya shigo bai gan ni ba. Daga baya aka ba ni labari ya ce shi ba gidan raino ya buɗe ba, a nemo wata. Baba ne ya tare shi. Ya ce, "Oga, ka bar yarinyan nan. Aikinsa ni zan yi da hannuna." Shi Baba mace ma "shi" yake ce mata, "kai" yake ce mata, mun saba. Oga ya ce to, amma wannan ne na ƙarshe. Ya nuna masa takardar bango ya tafi.

Da na dawo ranar Laraba alluna suna jingine suna hutawa. Na durƙusa na yi wa Baba godiya har da hawaye. Ya ce in tashi kada in jiƙa masa katako.

Mako ya zagayo. Ranar Alhamis da safe aka yanke su aka huda, aka tara mini a kan benci. Anti Rifkatu za ta zo ɗauka ranar Asabar da safe, daga nan kai tsaye sai wurin yara. Na ɗauki na farko na fara guga. Ana ruwa, na tafi can cikin tunanina, ina jin har na kai wajen gadar nan ta shiga gari. Sai babban yatsana ya tsaya.

Ban san me ya tsayar da shi ba. Na sake shafawa. Gefen ya yi santsi, santsin ma ya yi yawa. A shidan farko in na shafa gefe, akwai wurare biyu da ke ɗan kama yatsa, masu ɗan kaushi, su ne suka fi cin sanfefa. Na kai allon bakin taga na ɗaga shi. In ka kalli gefen allo mai kyau za ka ga layuka bakwai, biyu daga ciki sun fi duhu, da ɗige-ɗige kamar bakin rake da aka datsa. Waɗannan su ne na kwance. A wannan allon layuka bakwai ne cif, amma duk farare, duk iri ɗaya. Na duba na biyu. Na duba na uku. Har na sha biyu. Babu duhu ko ɗaya.

Na zauna. Na ce wa kaina, ke wa ya tambaye ki? Wataƙila sabon itace ne. Wataƙila Oga ya canja jeri ba ki nan. Mutumin da ya tsaya miki jiya-jiya, shi za ki ce ya yi kuskure, ke da ko takardar bango ba ki iya karantawa? In kin yi magana kika yi kuskure kin ci mutuncin dattijo a banza. In kin yi daidai kin tona masa asiri a gaban Oga. Amma duk lokacin da na rufe ido ƙafar yaro nake gani a kan allon, ƙarama, da silifas.

Da azahar na sami Baba a bayan shago yana cin doya da manja.

"Baba, sannu da hutawa. In yi tambaya?"

"Maman Nana, ka ci abinci tukuna? Zo ka ɗauka."

"Na ƙoshi, Baba. Allunan nan ne. Fallen nan na kwance, ban gan su a gefe ba."

Ya yi murmushi har da gyara zama, kamar wanda ya daɗe yana jiran a lura. "Ashe kana da ido. Waɗannan ruɓaɓɓun? Ga su can." Ya nuna da haɓa. Suna jingine a bango ƙarƙashin leda, guda ashirin da huɗu. Ya tashi ya zaro ɗaya, ya riƙe shi da yatsa biyu, fallen ya lanƙwashe ya rataya kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya ɗan matsa, ya tsage. "Ka gani? Wanda ya yanka wannan bai san itace ba. Sun cuci Oga, sun cika masa kaya da reject, wanda kowa ya ƙi. Ni shekara talatin ban taɓa manna falle jijiya ta gicciye wa 'yar'uwarta ba. Na cire su duka, na sa masu kyau daga na ajiya. Yara ne fa za su hau. In sa wa yaran mutane ruɓaɓɓe?"

Kun ji fa. Abin da ke damuna shi ne abin da ya dame shi. Kuma a aikin ƙofa gaskiyarsa ne. Fallen ado da ake manna wa fuskar ƙofa dole jijiya ta bi jijiya, in ba haka ba mai gida zai dawo da ita.

Na ce, "Amma Baba, takardar Oga..."

"Takarda ta taɓa riƙe zarto? Zo."

Ya shiga ciki ya ɗauki allo ɗaya, ya ɗora hanci a kan bulo, wutsiya a kan bulo, ya hau tsakiya. Baba ba ƙaramin mutum ba ne. Ya yi tsalle sau uku. Allon ya lotsa ya dawo, ko ƙara bai yi ba. Kafintoci suka yi tafi. Ɗayansu ya ce, "Injiniya Maman Nana, a kawo miki hular kwano ne?" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don kunya. Na koma benci na ci gaba da guga, na goge takwas kafin a tashi.

Da yamma ina gida zan ɗora tuwo, gas ya ƙare, sai na ɗauko guntun icen da maƙwabciyata ta ba ni. Nana tana zaune a tabarma tana wasa da murfin tukunya. Na ɗora icen a ƙasa na sa gatari. Ban sare shi a gicciye ba, wa ke yin haka? Na bi tsawonsa, bugu ɗaya ya rabe biyu. Na tsaya da gatari a hannu ina kallonsa har ruwan tuwo ya tafasa ya zube.

Ranar Juma'a na riga kowa zuwa, ban da Baba. Yana share bencinsa.

"Baba, ina kwana. Don Allah kada ka yi fushi. Icen girki ta ina ake faskara shi?"

"Wace irin tambaya ce da sassafe? Ta tsawo mana."

"To jiya ta ina ka gwada allon?"

Ya daina shara.

Na ɗauki allo ɗaya cikin waɗanda na goge. Na kifa shi a kan siminti, kwarmin ya koma ƙasa, bayansa ya yi tudu kamar bayan kunkuru. Ni kun gan ni, ko buhun siminti ban fi shi nauyi da yawa ba. Na cire takalmi na yi bismilla, na ɗora ƙafa ɗaya a kan tudun, daidai wajen ramukan kusoshi, na saki nauyina.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an karya rake. Tsaga ta tashi daga rami ɗaya ta bi ta na biyu, ta tafi ɗoɗar har hanci. Allon ya buɗe biyu a ƙarƙashin ƙafata, bakin tsagar da tsini kamar wuƙa.

Daidai nan Oga Bashir ya shigo, jakar tafiya a kafaɗa, makullin mota a hannu. Abin da ya gani shi ne ni, ba takalmi, a tsaye kan allon da za a ba mai shi gobe, a fashe.

"Hauwa! Me nake gani haka? Kin san daga ina itacen nan ya zo? Wasa kika mayar da shagon?"

Na kalli Baba, na kalli ƙasa. Na riga na yanke a raina ba zan kira sunansa ba, in ya so a kore ni, tunda dai allunan ba za su fita ba. Ina ta lissafin abin da zan gaya wa mijina.

Baba ya je benci ya ɗauki wani allon, ya kifa shi, ya taka. Ƙas. Ya ɗauki na uku, ya taka. Ƙas. Oga ya ce, "Baba! Baba, lafiya?" Sai Baba ya tsaya. Oga ya sunkuya ya ɗauki ɓari ɗaya, ya daɗe yana kallon bakin tsagar yana shafawa.

Baba ya ce, "Oga, ba shi ba ne. Ni ne. Na cire na kwance, na ɗauka ruɓaɓɓu ne. Jiya yarinyan nan ya gaya mini, na sa aka yi masa dariya."

Oga ya ajiye jaka. Ya ɗauki allo mai lafiya ya kai taga, kamar yadda na yi, ya ƙirga layukan da farce. Ya ce a hankali, "Inna lillahi. Waɗannan biyun su ne ke ɗaure sauran, Baba. Su ke hana shi rabewa in yaro ya yi tsalle ya dira a gefe."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?" in ji Baba. Ba da faɗa ya yi maganar ba. "Ka ba ni takarda kamar ɗan koyo. Da ka ce mini ɗauri ne, ai na san ɗauri. Ko rufin ɗaki sai da na gicciye."

Oga ya ce, "Gaskiyarka ne. Laifina ne wannan." Ya fita waje ya kira Anti Rifkatu, muna jinsa yana ba ta haƙuri, yana cewa mako biyu. Da ya dawo ya tsaya a gabana ya ce, "Ke ya aka yi kika gane?" Na ce yatsana ne, Oga. Ya ce, "To daga yau ba a huda allo sai yatsan nan ya bi ta kansa. Sa takalminki, akwai tsini a ƙasa."

Bayan an sauko daga masallaci muka fara sabon jeri, ni ina shafa gam, Baba yana ɗorawa. Ya shigo da fallen nan daga bayan shago da kansa. Da aka zo na uku ya ɗauko na kwance da hannu biyu, a hankali, don kada ya tsage kafin ya kai. Ya shimfiɗa shi ya lallaɓa da tafin hannu. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Abu kamar ba zai iya riƙe kansa ba." Na ce, "Ai kuwa, Baba." Muka ci gaba. Sauran tara na farkon ba a zubar ba, su ne kantocin da kuke ajiye gwangwanayen gam a kai. A can ba mai tsalle a kansu.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, a sana'ar nan ɓarnar da ta fi haɗari ba daga malalaci take fitowa ba. Aikin malalaci daga nesa ake ganinsa. Wadda ke ɓuya a cikin gam ita ce ta mutumin kirki, gwani, wanda ya kawo ilimin wani aiki ya sa a inda ba wurinsa ba, da kyakkyawar niyya. Shi ya sa in na ba ku jeri nake tsayawa in gaya muku dalili, ko kun gaji da ji. Ku ma in hannunku ya ji abin da bai saba ji ba, ku tsaya. Ku fara zuwa wurin mai aikin, ku gaishe shi, ku tambaye shi a gefe. In an yi muku dariya ku koma ku sake tunani, ku dawo. Wanda zai hau allon nan ba ya cikin shago, bai san sunan kowa a cikinmu ba, kuma ba zai taɓa duba gefensa ba. Hawa kawai zai yi.